Darasi: Maƙwabtan Ƙari a Cikin Babban Hanji

Idan likitan tiyata ya yanke ƙari daga babban hanjin majiyyaci ya aika da shi ɗakin gwaje-gwaje, yawancin mutane suna ɗauka cewa dunƙulen naman nan sankara ce zalla. Wanda aikinsa shi ne ya yanyanka naman siriri, ya rina shi, ya ɗora a ƙarƙashin madubin likita, ya san ba haka ba ne. Sau da yawa ƙwayoyin sankarar ba su kai rabin abin da ke gaban idonsa ba. Sauran duk jama'a ce ta daban. Akwai ƙananan jijiyoyin jini da suka ratsa ko'ina. Akwai ƙwayoyin garkuwar jiki, wasu a tsakiyar ƙarin, wasu sun yi cirko-cirko a gefensa. Akwai kuma ƙwayoyin saƙa, waɗanda aikinsu a jiki mai lafiya shi ne fitar da zaren da ke ɗaure nama da nama da kuma ɗinke rauni. Ƙwayoyin saƙar nan da zarensu da jijiyoyin jini su ne ake kira naman tallafi. Su da ƙwayoyin garkuwa, a haɗe, su ne muhallin ƙari.

Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa makomar mai sankarar hanji tana rataye da halin waɗannan maƙwabta ƙwarai. Ba ƙaramar magana ba ce, domin a ƙididdigar duniya ta 2022 an samu sababbin masu cutar kusan miliyan 1.9, ta kuma kashe kimanin mutum 900,000. Ita ce ta uku a yawa cikin nau'o'in sankara, ta biyu a kisa.

Kafin a shiga, ga abu ɗaya da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, kimanin 20,000 waɗanda ake sarrafa furotin da su. Abin da ya raba ƙwayar garkuwa da ƙwayar saƙa shi ne waɗanda kowacce ta kunna da waɗanda ta bari a kashe. Saboda haka idan masana suka ce ƙwayoyin gado na garkuwa, ko na naman tallafi, suna nufin waɗanda ke kunne a cikin waɗannan maƙwabta. Auna ƙarfin aikinsu hanya ce ta sanin wane ne ke zaune a cikin ƙari, da yawansa, da abin da yake yi.

Iri da ƙasa

Tunanin tsoho ne. Tun 1863 likitan Jamus Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin naman sankara, ya danganta cutar da kumburi mai daɗewa. A 1889 wani likitan tiyata a Landan, Stephen Paget, ya bi rahotannin binciken gawar mata 735 da sankarar mama ta kashe. Ya ga cutar ba ta bazuwa kara zube: tana yawan sauka a hanta, amma da wuya ta kama saifa, duk da cewa ita ma jini yana ratsa ta sosai. Sai ya kawo bayaninsa da ya shahara, cewa ƙwayar sankara iri ce, kuma iri ba ya tsira sai ya faɗa ƙasar da ta karɓe shi. A sankarar hanji akwai ƙarin dalili na zahiri, domin jinin da ya baro hanji hanta yake fara bi, shi ya sa can cutar ta fi yawan yaɗuwa. Amma isa wuri daban, kafa gida a wurin daban.

Duk da haka, ƙarni na 20 ya fi karkata ga irin. A 1990 Eric Fearon da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins suka zayyana yadda ɗan tsiro a bangon hanji ke rikiɗewa ya zama sankara cikin shekaru: ƙwayar gado mai suna APC ta lalace da farko, sai KRAS, daga baya TP53. Aiki ne babba wanda har yau ake koyar da shi. A asibiti kuwa, likitoci suna kimanta cutar da abubuwa uku: zurfin da ƙari ya yi a bangon hanji, ko ya kai ga kaluluwa, da ko ya tsallaka zuwa wata gaɓa. Da wannan ake raba ta mataki huɗu.

Matsalar ita ce, mutum biyu za su zo da mataki na biyu, a yi musu tiyata iri ɗaya, ɗaya ya warke sarai, ɗayan cutar ta dawo masa a hanta bayan shekara biyu. Matakin bai faɗi dalili ba.

Ƙidayar da aka yi a Paris

A 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Paris suka fitar da wani bincike a mujallar Science. Sun ɗauki naman ƙari na marasa lafiya fiye da 400, maimakon su duba sankarar, sai suka ƙidaya ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, musamman masu kisa waɗanda ke ɗauke da alamar CD8. Sun ƙidaya a wuri biyu, a tsakiyar ƙari da kuma a bakinsa inda yake kutsawa cikin lafiyayyen nama. Sakamakon ya girgiza mutane: yawan ƙwayoyin T da inda suke zaune ya fi matakin cutar iya hasashen wanda za ta dawo wa.

Daga nan aka gina ma'aunin da ake kira Immunoscore. An gwada shi a ƙasashe 13 a kan majiyyata fiye da 2,600, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2018. A rukunin farko na binciken, cikin masu yawan ƙwayoyin T kashi 8 cikin 100 ne cutar ta dawo wa a shekara biyar. Masu matsakaici, kashi 19. Masu ƙaranci, kashi 32. Tazarar nan ninki huɗu ce, tsakanin mutanen da takardar asibiti za ta iya nuna cewa cutarsu ɗaya.

Kada a ɗauka kowace ƙwayar garkuwa abokiyar majiyyaci ce. Akwai manyan ƙwayoyi masu haɗiye datti da ƙwayoyin cuta, waɗanda ƙari ke iya juya su su koma taimaka masa wajen tsiro da jijiyoyin jini. Akwai kuma wasu ƙwayoyin T da aikinsu shi ne kwantar da sauran. A nau'o'in sankara da dama yawansu mummunar alama ce, amma a hanji wasu bincike sun same su tare da kyakkyawan sakamako, wataƙila domin hanji wuri ne mai cike da ƙwayoyin bakteriya inda kumburin da ba a shawo kansa ba shi ma ɓarna yake yi. Lissafin ba ya tafiya a miƙe.

Markaɗe

Da na'urorin karanta ƙwayoyin gado suka yi araha, sai aka shiga auna dubbansu a lokaci guda. Hanyar ita ce a niƙe guntun ƙari gaba ɗaya a auna saƙonnin da ke ciki. Kamar markaɗen kayan miya ne: da zarar tumatir da tattasai da albasa sun fito daga inji, ana jin ɗanɗanon kowanne, amma ba mai iya nuna wanda ya fito daga ina. Shekaru da dama masu bincike suna karanta sakamakon niƙan a matsayin muryar sankara, alhali maƙwabta ma suna ciki.

A 2013 masu bincike a cibiyar MD Anderson da ke Texas suka ƙirƙiro wata dabarar lissafi mai suna ESTIMATE. Sun zaɓi ƙwayoyin gado 141 da suka keɓanta da garkuwa da wasu 141 na naman tallafi. Idan aka zuba sakamakon niƙa a kwamfuta, sai ta ba da maki biyu, na garkuwa da na tallafi, ta kuma kimanta kason da sankarar kanta ta ci a cikin naman.

A 2015 kuma ƙungiyoyin bincike shida da kowacce ke da nata tsarin rarraba sankarar hanji suka haɗa bayanan marasa lafiya sama da 4,000, suka amince da rukuni huɗu. Na ɗaya, kashi 14 cikin 100, cike yake da ƙwayoyin garkuwa. Na biyu, kashi 37, shi ne wanda ya fi bin tafarkin da aka sani. Na uku, kashi 13, ya bambanta ta yadda yake sarrafa abinci. Na huɗu, kashi 23, shi ne mai tarin naman tallafi da jijiyoyin jini, kuma shi ne mafi muni: cutar ta fi dawowa, rai ya fi gajarta. Ragowar kashi 13 gauraye ne da suka ƙi shiga ko'ina.

A nan ne labarin ya juya. An daɗe ana zaton cewa alamun wannan mugun rukuni suna nuna ƙwayoyin sankarar sun sauya kama, sun zama masu yawo. A shekarar nan ta 2015 ƙungiyoyi biyu suka rusa zaton. A Barcelona, ɗakin binciken Eduard Batlle ya ɗauki ɗanyen ƙari ya ware mazaunansa kashi-kashi kafin a niƙa: sankara daban, ƙwayoyin garkuwa daban, na jijiyoyin jini daban, na saƙa daban. Sai aka ga yawancin ƙwayoyin gadon da ke hasashen mugun sakamako a cikin ƙwayoyin saƙa suke aiki. Masu bincike a Candiolo kusa da Turin a Italiya suka bi wata hanya mai wayo. Sun dasa ƙarin mutum a jikin ɓera. A irin wannan dashe, naman tallafin mutum yana mutuwa, na ɓeran ya maye gurbinsa, sankarar kuwa ta ci gaba da zama ta mutum. Da suka karanta saƙonnin, sai ga shi waɗanda ake kira na mugun rukuni akasarinsu na ɓera ne.

Yaya ƙwayar da aka halitta don ɗinke rauni ta koma 'yar aikin sankara? Tun 1986 Harold Dvorak na Harvard ya siffanta ƙari da rauni wanda ba ya warkewa. Idan mutum ya yanke, ƙwayoyin saƙa suna farkawa, su zuba zare, su kira jijiyoyin jini, sa'annan su kwantar da garkuwa don kada kumburi ya wuce kima. Da raunin ya rufe sai su koma barci. A cikin ƙari ba a taɓa sallamarsu. Babban mai tashinsu wani furotin ne da ake kira TGF-beta. A lafiyayyen hanji wannan furotin yana hana ƙwayoyin bangon hanji yawan rabuwa. Ƙwayoyin sankara da yawa sun lalata hanyar da suke jin umarninsa, ta hanyar ɓacin ƙwayar gado mai suna SMAD4 ko makamanciyarta, don haka ba ya tsayar da su. Amma maƙwabta suna jinsa sarai. Ɗakin binciken Batlle ya nuna a 2012 cewa ƙwayoyin saƙa da TGF-beta ya tasa suna fitar da wani sinadari, IL-11, wanda ke taimaka wa ƙwayar sankara ta rayu a kwanakin farko da ta sauka a baƙuwar gaɓa, lokacin da yawancinsu ke mutuwa.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganin wannan ba tare da na'ura mai tsada ba. A 2007 Wilma Mesker da abokan aikinta a Leiden ta ƙasar Holan suka nuna cewa idan aka duba rinannen nama na yau da kullum aka ga naman tallafi ya wuce rabin fili a wurin da ƙari ya fi kutsawa, majiyyacin ya fi fuskantar haɗari. Madubin likita da ido mai horo kawai ake buƙata.

Ƙarin da garkuwa ke gani

Rukuni na ɗaya, mai cike da ƙwayoyin garkuwa, yana da nasa labarin. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta kwafi DNA ɗinta, haruffa biliyoyi, kuma ana yin kuskure. Akwai furotin huɗu, MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2, masu bin sawu suna gyarawa. A kimanin kashi 15 cikin 100 na masu sankarar hanji wannan tsarin gyara ya mutu, sai kurakurai su taru jingim. Likitoci suna kiran irin wannan ƙari MSI. Mafi yawansu a jikin mutum abin ya faru da girma, amma kimanin kashi 3 cikin 100 na dukan masu cutar gadonsa suka yi, abin da ake kira ciwon Lynch.

Kurakuran suna haifar da baƙin furotin waɗanda jiki bai taɓa gani ba, garkuwa kuwa aikinta ke nan, farautar baƙo. Shi ya sa irin wannan ƙari yake cike da ƙwayoyin T. To me ya hana su gama da shi? A jikin ƙwayar T akwai furotin da ke umartarta ta dakata, don kada ta far wa jikin mai ita. Ɗaya daga ciki shi ne PD-1, wanda Tasuku Honjo na Japan ya gano a 1992. Wani kuma CTLA-4, wanda James Allison na Amurka ya nuna cewa toshe shi yana sakar wa garkuwa mara. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta 2018. Ƙari yana taɓa wurin dakatarwa na PD-1, ƙwayoyin T su yi tsaye a cikinsa ba sa komai.

Da aka fara gwada maganin toshe PD-1, sankarar hanji ta ba da kunya. Cikin majiyyata 33, ɗaya tak ya amfana. Likitocin Johns Hopkins suka tsaya a kan wannan mutum ɗaya, suka gano ƙarinsa MSI ne. Sai suka shirya sabon gwaji da maganin pembrolizumab, wanda Dung Le da Luis Diaz suka jagoranta, aka buga a 2015. Cikin masu MSI 10, ƙarin mutum 4 ya ja baya. Cikin 18 marasa MSI, babu ko ɗaya. Da aka ƙirga kurakuran DNA, matsakaicin na farko 1,782 ne a kowane ƙari, na biyun 73. A Mayun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin ga duk sankarar da ke da wannan alama ko a wace gaɓa take, karon farko da aka yi haka.

Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. A babban gwajin da aka buga a 2020, masu MSI da cutar ta riga ta bazu sun yi matsakaicin wata 16.5 ba ta ci gaba ba da pembrolizumab, masu karɓar kemo, wato maganin da aka saba amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin sankara, kuwa wata 8.2. A 2022 a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, an ba majiyyata 12 masu irin wannan sankara a ƙarshen hanji maganin dostarlimab na wata shida, aka nemi ƙarin aka rasa a dukansu, ba tiyata ba gashin ƙari da haske. A Holan, Myriam Chalabi ta ba masu MSI maganin garkuwa na 'yan makonni kafin tiyata. Cikin mutum 111, kashi 68 cikin 100 ba a sami rayayyiyar sankara ko ɗaya a naman da aka cire musu ba. Magungunan ba su rasa illa ba, domin garkuwar da aka saki tana iya far wa hanji ko huhu ko maƙoshi, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin iyalai.

Sauran kashi 85 fa?

Su ne mafi rinjaye, kuma a cikin waɗanda cutar ta bazu sun kai kusan kashi 95, magungunan nan kuwa ba sa yi musu aiki. Wani ɓangare na dalilin ƙarancin baƙin furotin ne. Ɗayan ɓangaren ya koma kan naman tallafi. A 2018 ɗakin binciken Batlle ya samar da ɓeraye masu ɓacin ƙwayoyin gado huɗu irin na sankarar mutum, cutar ta bazu musu zuwa hanta. Ƙwayoyin T ba su iya shiga ƙarin ba, TGF-beta ya tsare su a waje. Maganin toshe hanyar PD-1 shi kaɗai bai yi wani tasiri ba. Da aka haɗa shi da mai toshe TGF-beta, ƙwayoyin T suka kutsa, ƙarin hanta ya ɓace a ɓeraye da yawa.

A jikin mutum, har yanzu magungunan toshe TGF-beta ba su maimaita wannan nasara ba. Maganin da ya daɗe yana aiki a kan muhallin ƙari shi ne bevacizumab, mai hana tsirowar jijiyoyin jini, wanda aka amince da shi a 2004. A gwajinsa ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 15.6 zuwa 20.3. Ci gaba ne, amma na watanni.

A nan ya kamata ɗalibi ya koyi taka-tsantsan. Tun da aka buɗe manyan rumbunan bayanan sankara ga kowa a intanet, takardu da yawa sun fito masu tsari ɗaya: a ɗauki bayanan majiyyata, a sa ESTIMATE ta raba su gida biyu, a fitar da jerin ƙwayoyin gado biyar ko goma a ce suna hasashen rai. Irin wannan aiki yana nuna inda ya kamata a duba. Ba ya tabbatar da cewa ƙwayar gadon ce ke jawo cutar, domin tana iya zama shaidar yawan wani maƙwabci kawai, kuma kaɗan ne daga jerin ke kaiwa gadon asibiti. Abin da ya bambanta aikin Barcelona da na Candiolo shi ne sun koma kan naman da ɓeran sun gwada.

Abin da aka gani a Najeriya

Kusan duk alƙaluman da aka kawo daga Turai da Amurka suke. A 2021 Olusegun Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da abokan aiki na Memorial Sloan Kettering, suka buga binciken naman ƙari na majiyyatan Najeriya. Sun sami MSI a kashi 28.1 cikin 100, kusan ninki biyu na kashi 14.2 da ke cikin babban rumbun bayanan Amurka. A cikin marasa MSI, ɓacin APC, wanda littattafai ke cewa shi ne matakin farko, kashi 39.1 ne kawai, a New York kuwa kashi 76. Majiyyatan Najeriya sun fi ƙuruciya, kuma rabinsu a ƙarshen hanji cutar take. Wuri ne da, in ya yi jini, mutane da dama ke ɗauka basir ne su yi ta shan jiƙo har lokaci ya ƙure. Jini a bayan gida da ya ƙi tsayawa, sauyin yanayin bayan gida na makonni, rama da ƙarancin jini ba dalili, duk sun cancanci a duba hanji da na'ura.

Gwajin gano MSI ba sai da na'urar karanta DNA ba. Ana iya rina naman da aka riga aka cire a nemi furotin huɗun nan. In ɗaya ya ɓace, an sami amsa. Amfaninsa bai tsaya ga wanda zai iya sayen maganin garkuwa ba. Mai MSI a mataki na biyu yawanci sakamakonsa ya fi kyau bayan tiyata, kuma maganin kemo na 5-FU shi kaɗai ba ya ƙara masa komai, don haka gwajin na iya raba shi da wahala da kashe kuɗi na banza. In kuma ƙarin bincike ya nuna ciwon Lynch ne, kowane ɗa da ɗan'uwa na jini yana da yiwuwar ɗaya cikin biyu na ɗauke da shi, kuma ana ba masu ɗauke da MLH1 ko MSH2 shawarar fara duba hanji tun suna shekara 20 zuwa 25, a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu, ana cire tsiro tun bai rikiɗe ba.